Kunyar Faɗin Kare

Ina da kare a lambuna da ke fadamar Guri, baƙi mai farin ƙirji, shi ke gadin injin ban-ruwa. A gida kuma akwai kyanwa mai tsare ɗakin shinkafa daga ɓeraye. Dukansu sun saba cin kayan cikin kifi da masu banda ke zubarwa a bakin ruwa. A shekarar da nake magana, bayan ruwa ya janye, sai karen ya rame, cikinsa ya kumbura, yana jan gindi a ƙasa. Kyanwar ma na ga wasu farare-farare kamar tsabar shinkafa a kashinta.

Na sami ma'aikacin dabbobi na yi masa bayani. Ya ce tsutsar ciki ce. Ya ce maganin kare daban, na kyanwa daban, kuma gwargwadon nauyinsu ake bayarwa, kada in kuskura in ba su ƙwayar raguna. Ba shi da shi a hannu, sai dai a sayo a Haɗejia.

A makon ƙayar tarwaɗa ta soke ni a tafin ƙafa, ba na iya takawa sosai. Ƙanina, tela ne, magidanci da furfura a gemu, zai shiga Haɗejia sayen zare. Na zaunar da shi na jera masa saƙon. Da farko ya je shagon maganin dabbobi. Sannan ya ce na tsutsar ciki yake so, na kare. Bayan haka ya karɓi na kyanwa daban. Idan ya dawo ya ajiye, kada ya bayar sai ina nan.

"To, Yaya, na ji," in ji shi.

Ko ɗaya bai bi ba. Ya shiga shagon abokinsa mai sayar da taki da iri da maganin feshi, har da na dabbobi a gefe. Ya tarar da mutanen garinmu da suke sahu ɗaya da shi a masallaci, su ma sun shigo kasuwa, suna zaune a kan benci. Sai bakinsa ya yi nauyi, wai shi babba ba zai ambaci kare a gaban mutane ba. Ya ce kawai a ba shi maganin tsutsa, yayansa mai lambu ne ya aiko. Lokacin tumatir ne, kowa kukan tsutsa yake. Mai shago ya miƙa masa garin feshi a leda.

Da ya dawo ina kemis ana wanke min ƙafa. Bai jira ni ba. Ya kwaɓa garin da ragowar tuwo da romon kifi, ya ajiye wa kyanwa kaɗan, ya kai sauran lambu ya tura wa karen da sanda. Kyanwar ta shinshina ta haye katanga. Karen kuwa yunwa ce da shi, ya cinye.

Maƙwabcina a lambu ne ya ɗauko ni a babur. Na tarar da karen kwance a gindin injin, yawu na dalala, ƙafafunsa na karkarwa. Na ɗura masa manja, na ɗura madara. Ya dube ni yana ƙoƙarin kaɗa jela. Kafin la'asar ya mutu.

Na sa aka kira ƙanina. Ledar na hannuna.

"Me ka ce wa mai shago?"

"Maganin tsutsa. Ga ma hoton tsutsar a jiki, Yaya."

"A kan me take kwance a hoton?"

Ya duba. A kan ganye take.

"Ka ce na kare?"

"Haba Yaya, liman ma yana wajen."

"Liman bai san Allah ya halicci kare ba?"

Ya ce, "Kare ne fa. Gobe sai in samo maka wani a wajen Fulani. Wannan a ja shi a jefa a ruwa."

Wannan maganar ta fi ƙona min rai fiye da ledar. Ruwan da yake cewa, daga cikinsa ake kamo kifin da iyalinsa ke ci, kuma gubar na cikin gawar. Na miƙa masa shebur na nuna masa tudu, nesa da rijiya. Ya ce kayansa masu tsabta ne, zai yi salla da su. Na ce akwai sabulu a garin.

Ya haƙa. Duk sanda ya tsaya na ce ya ƙara zurfi, kada dila ya tone. Da ya gama ya nemi igiya zai ja gawar a ƙasa, na hana. Da hannunsa biyu ya ɗauke ta, yana kau da kai, ya saka a ramin. Ina tsaye a kan ƙafa ɗaya har ya mayar da ƙasa ya daddanne.

Ɗan kwikwiyon da ya kawo daga baya na ce ya mayar wa masu shi. Duk ranin nan a amalanke nake dawo da injin gida da yamma, in mayar da safe. Muna gaisawa da ƙanina, muna zuwa sunan juna. Amma ko gishiri ban sake aikensa ba.