Ranar da Wayar Malam Ta Manta da Kunnensa

Akwai wata Laraba a tsakiyar damina da ba za ta fita daga raina ba har ranar da za a rufe ni. Mu huɗu ne a tsakar gidanmu a Birnin Kudu: Malam mijina, a kishingiɗe a kan tabarma, da babban ɗana direba mai jigilar Gwaram, da matarsa ma'aikaciyar asibiti, sai ni. Na biyar ɗin yana kwance a garin Sara. Ƙanen Malam ne, kuma dominsa muka taru.

Shekara goma sha ɗaya ba sa ga-maciji da juna, a kan wata tsamiya da ke iyakar gonarsu. Ko a jana'iza suka haɗu, kowa da sahunsa. To, da hantsi matar ƙanen ta aiko cewa jiki ya tsananta, yana so ya roƙi wansa gafara da bakinsa. Ɗaukar Malam zuwa can ba zai yiwu ba, ɓarin jikinsa ya shanye, ga ruwa ya cinye hanya. Sai dai waya.

Kunnen Malam ya yi nauyi. Mu da ke kusa sai mun ɗaga murya, muryar waya kuwa ba ya kamawa sai ta wani ɗan abin kunne mara igiya da ɗana ya sayo masa a Kano. A maƙala masa, a ajiye wayar a kan faifai, magana ta shiga kunnensa. Wayar a hannuna take. Ni ke sa ta caji, ni ke goge ta kowace safiya, na kuma kafa doka babu mai taɓa ta. Ban san ko bihim ba, amma in an gusar da cokali a gidana sai na sani.

Ɗana ya maƙala masa abin, ya danna kira, muka ja gefe don mu ba su wuri. Malam ya ɗaure fuska, ya yi shiru. Muka ɗauka sauraro yake. Can kiran ya yanke, sai wayar surukata ta yi ƙara. Matar ƙanen ce. Ta ce, "Sau uku ya ce Yaya ka yafe mini, ko tari bai samu ba. Ya juya fuskarsa bango."

Ɗana ya durƙusa kusa da kunnen ubansa. "Baba, me ya hana ka amsa?"

"In amsa wa wa? Ni har yanzu jira nake a ɗauka."

Aka sake kira, aka buɗe sifika. Muryar mara lafiya kamar iska a cikin kara, Malam bai kama komai ba. Ɗana ya ce to shi zai saurara ya riƙa faɗa masa. Malam ya harare shi, ya ce, "Yafiya ba goro ba ce da za a bayar a kai."

Daga nan aka shiga kokawa da waya. Ɗana ya kashe ya kunna, ya hura abin kunnen, ya goge shi da bakin rigarsa, yana ta aibata wanda ya sayar masa. Daga baya mutane sun ce me ya hana mu haɗa shi da wata wayar. Mai faɗin haka ba ya wurin. Surukata ta karɓi wayar. Ta duba caji, a cike. Ta kashe bulutut ɗin, wato abin da ke haɗa wayar da abin kunnen, ta sake kunnawa. Ta ce ga sunan abin kunnen nan a rubuce, amma in ta danna sai ya yi ta juyi ya ƙi kamawa. Sai ta yi tsai, ta ce, idonta a ƙasa, "Fuskar wayar nan ta canza. Ko wani ya taɓa ta jiya?"

Ɗana ya ce, "Wa zai taɓa? So kike Inna ta cire masa hannu?"

Ni kuwa na sani. Jiya da safe ina goge ta, wani rubutu ya fito da akwati biyu a ƙasansa. Na danna mai launin, yadda na saba korar kowane rubutu. Ta yi baƙi ƙirin, wani zare ya riƙa rarrafe a tsakiya kamar jerin gwano. Na kifa mata faifai, na tafi na ɗora koko. Da na dawo ta farfaɗo, na ce asiri ya rufu.

Na yi shiru kamar tsawon Ƙulhuwallahu uku. Ba zan ɓoye ba, awo nake yi, tsakanin girmana a gaban suruka da mutumin da ya juya fuska bango. Har yau ina jin kunyar cewa sai da na auna. Sannan na ce, "Ni ce," na faɗi yadda aka yi.

Yarinyar nan ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "To ba lalacewa ba ce, Inna, sabunta kanta ta yi. Tsohon sanin da ke tsakaninsu ne ya rikice. Sai an sa ta manta da shi, a gabatar da su kamar baƙi." Ta share sunan. Ta mayar da abin kunnen cikin ɗan akwatinsa, ta danne wani maɓalli har 'yar wutar ta fara ƙyaftawa, ta kara shi da wayar. Sunan ya sake fitowa, ta danna. Ta maƙala wa Malam, ta kunna karatu don gwaji. Ya zabura ya ce, "Rage mana, za ki fasa mini kai."

Aka sake kira, wannan karon babu wanda ya ja gefe. Ɓangaren Malam kawai muka ji. Ya kira ƙanensa da sunan yarinta wanda ban taɓa ji a bakinsa ba. Ya ce, "Ni ne. Ɗazu ban ji ka ba ne. Na yafe, duniya da lahira. Ni ma ka yafe mini." Ya saurara, sannan ya ce, "Tsamiyar? Bar wa jikoki su sha."

Bayan la'asar aka bugo cewa Allah ya yi wa ƙanen cikawa.

Na shekara hamsin ina sa ido a kan hannun kowa, ban taɓa duba nawa ba. Ranar na gane cewa danna abin da ban sani ba ƙaramin laifi ne, kifa faifan shi ne babba. Washegari da safe, kafin a fara shigowa gaisuwa, na ɗauki wayar na nufi ɗakin surukata. Shekara takwas ina shiga ɗakin nan don in ga abin da ba a share ba. Ranar na tsaya a bakin ƙofa na yi sallama, na jira aka amsa. Na miƙa mata wayar, na ce, "Nuna mini wanda ake dannawa da wanda ake bari."