Ƙullin da Baba Garba Ya Bari a Gezar Hiraminsa

Ni ne shugaban dattawan Hausawa mazauna Makka, ba sai na faɗi sunana ba. Ina zaune a majalisata bayan la'asar, manyan baƙi sun kewaye ni, sai labari ya iso daga unguwar Mansur cewa Allah ya yi wa Baba Garba mai hirami rasuwa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya tafi ya bar amanar mutane ɗaure a gezar hiraminsa, kuma yau babu wanda ya san masu ita.

Marigayin ya zo ƙasar nan ta Sudan. Yana saurayi ya yi aiki a Omdurman, a shagon wani Bayahude mai sayar da yadi. Wata rana ya ga zare masu ƙulli suna reto daga kusurwa huɗu na rigar cikin maigidan, ya tambaye shi ko ado ne. Mutumin ya ce a'a, a addininsu an umarce su da ɗaura su, don duk sanda ido ya faɗa kansu mutum ya tuna dokokin Ubangiji, kada ya bi son zuciyarsa. Baba yakan ce, "Addininsa daban, nawa daban, amma ciwon mantuwa ɗaya ne."

Da ya zauna a Makka, mutane suka riƙa ba shi saƙon addu'a: alhazai masu komawa gida, matan unguwar Utaibiyya da ƙafa ta hana su zuwa Harami, masu bugo waya daga Kano da Damagaram. Bai yi karatun boko ba balle ya rubuta, kuma bai yarda kansa zai riƙe su ba. Duk wanda ya ce "a sa ni a addu'a", sai ya ƙulla masa zare ɗaya a geza, ba ya kwancewa sai ya tsaya gaban Ka'aba ya ambaci sunansa da buƙatarsa. Wani maƙwabci ya taɓa yi masa gorin ƙulle-ƙulle irin na masu sihiri, Baba ya ce, "Malam, ni ba na tofi. Tuni nake yi."

Yana da jika, wani shaƙiyyi da ko izu goma bai haɗa ba, mai ɗaure masa hirami a ƙafar kujera yana kiransa almajirin Bayahude. Baba sai ya yi dariya ya ce, "Ya walad, kai yaro, ka girma mana, ko na huta."

Da ciwo ya kwantar da shi, sai ya kira wannan jikan, ya shimfiɗa masa hiramin a cinya, ya soma bin ƙullin ɗaya bayan ɗaya. "Wannan na wata baiwar Allah ne, ɗanta ya ɓata. Wannan kuma..." Yaron ya ɗauka zazzaɓi ne kawai, ya kama kwaikwayon muryarsa: "Wannan kuma na mai shayi ne, Allah ya ƙara masa sukari! Tsoho, yalla, ka tashi ka kai kayanka da kanka." Baba ya yi murmushi, ya naɗe hiramin, ya ce to, sai gobe. Goben ba ta same shi da baki ba.

Allah ya jiƙan Baba Garba, ya haskaka kabarinsa, ya tuna da shi kamar yadda ya riƙa tuna bayinsa. Allah ya ba Inna Hajara, matarsa, da 'ya'yansa haƙuri.

Jama'a, ku yafe mini. Ba wani shugaba, ba majalisa. Sale ne, jikan nan. Na san in kun ga sunana a sama za ku ce wani sabon shaƙiyanci ne ku wuce. Hiramin yana hannuna, na je da shi Harami na tsaya, bakina ya kasa kawo suna ko ɗaya. Don Allah, duk wanda ya ba Baba saƙo, ko ya san wanda ya ba shi, ya same ni a shagonmu da ke unguwar Mansur. Zan zauna shiru in saurara.