Tukwanen da Aka Kife a Bayan Dutse

Kakata ba ta fara tatsuniya sai ta buga sandarta a ƙasa sau uku. Da mun gama tuwon magariba a gidanmu na Kona, mukan kewaye murhu, gyaɗa tana gasuwa cikin toka, ita kuma ta ce wa kakanninmu da suka rasu, "Na ƙasa, ku saurara, da ku nake." Mu jikokinta muna dariya, ita ko a jikinta.

Akwai wadda ta fi maimaitawa har muka haddace. Wai mutanenmu na da can a bayan dutse suke girki, don kada mahara su hangi hayaƙi daga fili. Ranar da gudu ya zama dole, kowa ya ɗauki abin da zai iya, ban da wata mai ginin tukwane. Ta kife tukwanenta bakwai kewaye da murhu, ta rufe su da ƙasa. Mijinta yana ta faɗa, ta ce, "Wanda ya kwashe tukunya ya bar gari. Ni fita zan yi, zan dawo." Nan Kaka take tsayawa. In muka tambaya ko matar ta dawo, sai ta harare mu. "To ku daga sama kuka faɗo?"

Bara wani ɗan kwangila ya nemi fasa dutsen nan ya sayar da tsakuwa. Muka ƙi, muka ce kufan kakanninmu ne. Aka turo masu binciken kayan tarihi su duba, da sharaɗin in babu komai a fara fasawa. Suka zo da rada, na'urar da ke leƙa cikin ƙasa ba tare da an haƙa ba, suna tura ta kamar baro. Kwana uku suna bin shimfiɗaɗɗen filin bakin rafi, domin a lissafinsu nan ya dace a kafa gari. Ba su ga komai ba, suka fara loda kaya.

Na ce wa shugabansu ba a nan ake girki ba, a bayan dutse ne. Ya yi murmushi. "Malama, tatsuniya ba hujja ba ce. Kuma can duwatsu ne, ba hanyar tura wannan."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na nuna wani ɗan mutum-mutumi mai inji da ke cikin motarsu, mai ƙafa irin ta katafila. "Wancan fa, ado kuka kawo shi?" Na je gaban motar na zauna a ƙasa, da shekaruna hamsin da ciwon gwiwata, na ce sai dai su bi ta kaina.

Da suka ga ba zan tashi ba, muka haura bayan dutsen, suka ɗaura wa mutum-mutumin ƙaramar rada, ya kutsa tsakanin duwatsu yana tangaɗi. Can sai shugaban ya juyo mini allon kwamfutarsa. Wasu lanƙwasassun layuka ne kamar ƙwarya a kife, a kewaye. Na ƙirga da yatsa har bakwai. Ba a fasa dutsen ba.

Da ina ɗauka Kaka nishaɗantar da mu take yi. Ashe takardar wuri take danƙa mana, ita da ba ta taɓa riƙe biro ba. Kafin mu sauko a ranar, na karɓi sandar wani dattijo na buga a ƙasa sau uku, na ce, "Mun dawo."