Filin da Yake Bari a Damansa

Kullum da sassafe, Mashkura na suyar ƙosai a bakin hanyar Zagga, sai ga wani saurayi ya ɓullo da gudu. Dogo ne siriri, da jar rigar ƙwallo da ta koɗe. Ko sunansa ba ta sani ba. Abin da ke ci mata rai, ga hanya fetal, amma shi can gefe yake raɓewa cikin ƙaya, yana barin fili a damansa.

A da su biyu ne, kamar an tsaga kara. Tun da kwalekwale ya kife a kogin Kwara da damina, ɗaya take gani. Tana jin ƙaninsa ne ruwa ya ci, amma bakinta ya kasa tambaya.

Yau ya tsaya shan ruwa a randarta.

"Ɗan nan, ai hanyar Geza ta hi wagga kyau. Mi ya hana ka bin ta?"

Ya sha rabi, ya miƙa moɗar wajen damansa, ba wanda ya karɓa.

"Inna, nan muka saba," ya ce.

Ya ajiye moɗar, ya koma cikin ƙayarsa.