Yadda Kakata Take Auna Gari

Jiya da hantsi na ji kurar mai ruwa tana shigowa lungunmu, jarkoki suna gwaruwa da juna, sai kakata ta faɗo mini a rai. Ita da ba ta taɓa wuce Rano ba, amma babu garin da ba ta san tsadarsa ba.

A wani ƙauye na taso a ƙasar Kibiya, wajen Fammar, gida mai rijiya a tsakiya da bishiyar kuka a baya. Lokacin an dawo mulkin farar hula, rediyo ba ya zancen komai sai shari'a da zaɓe. Ƙannen babana biyu sun tafi nema, ɗaya tela ne a Kano, ɗaya yana haya da babur a Kaduna. Sai da babbar sallah suke zuwa da iyalansu, kuma da an suɗe kwanon tuwo musu yake tashi a zaure. Na Kano ya ce a garinsu mai sana'a ba ya kwana da yunwa. Na Kaduna ya ce ai duk abin da tela ya samu mai gidan haya yake kai wa, su kuwa ɗaki da sauƙi. Haka za su yi ta yi har a kira la'asar.

Kakata ba ta sa musu baki. Ita dai ta ce a turo mata jikokinta ta yi musu wanka. Za ta zauna a kujera 'yar tsugunne bakin rijiya, da soso da sabulun salo, ni ina jawo mata guga. Kowane yaro sai ta zagaye damtsensa da yatsu biyu, ta ja fatar idonsa ƙasa ta duba jini, sannan ta zuba masa ido.

Ɗan tela ta cika wa bokiti. Ya riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan da kofi, da ya gama ya ɗauki ragowar zai mayar randa.

"Maigidana, wa ya ce maka sayarwa nake yi? Zuba abinka!"

Ya ce, "Umma tana faɗa."

Kakata ta dube ni ta ce, "Kin ji Kano ke nan. Har ruwa saye ake."

'Yar Kaduna kuwa ga kumatu, ga takalmi mai kyau. Amma taɓarya ta faɗi a tsakar gida, yarinyar nan ta zabura da kumfa a jikinta ta shige bayan randa. Ko gidan maƙwabta ba ta yarda ta bi mu. Ba a daɗe da yin rikici a garinsu ba. Kakata ta goge ta da zane, ta ce a hankali, "Ɗakinsu da arha, amma ba a barci a cikinsa."

Sai na miƙa nawa hannun. "Ni fa, Iya?"

Ta ja fatar idona ta duba. Daminar da ta wuce ne zazzaɓi ya kama ƙanena, rafi ya cika, babur ya kasa tsallakewa, kafin a kai shi Rano Allah ya karɓi abinsa.

"Ke ruwanki kyauta, itacenki kyauta," in ji ta. "Asibiti ne ya yi miki nisa."

Yanzu ga ni a Kano, ɗaki ɗaya, da 'yata da ba ta daɗe da fara magana ba. Maigidana yana tuƙa adaidaita. Haya ta kusa ƙarewa, an kuma ce za a ƙara. Wani abokinsa yana kiransa Kaduna, mahaifiyata tana cewa mu dawo ƙauye. Maigidan nawa ya ce mini, "Ke kike wuni da yarinyar nan, ki faɗa." Ni kuwa karatuna bai yi nisa ba, lissafi ba ya zama a kaina, sai dai fargaba. Kullum da safe ina zagaye damtsen 'yata, ina duba idonta. Jini lafiya, alhamdu lillahi.

To jiyan nan, bayan mai ruwa ya tafi, na ba ta moɗa ta wanke hannu. Ta wanke, ta ɗauki ɗan ragowar da hannu biyu ta nufi jarka, tana waiwayena ko zan yi faɗa. Ban san faɗan nawa ya kai haka ba.

Da babanta ya dawo cin abinci na ce masa Rano nake so, cikin gari. Akwai asibiti kusa, akwai gidajen haya masu rijiya.

"Fasinja fa? Can ba kamar nan ba ne."

"Na sani. Za mu rage nama."

Ya juya yana kallon yarinyar. Ni kuma na cika moɗa taf daga ruwan da na saya, na miƙa mata.

"Zuba abinki," na ce.

Ta dube ni, ta dubi babanta, sannan ta juye shi duka a ƙafafunta tana dariya.