Rabi da Allon Aji Uku

"Karanta abin da na rubuta!" Anti, malamarmu, ta daka wa Rabi tsawa, tana buga allo da bulala.

Muna aji uku a firamare ke nan, nan Sabo, zamanin soja. Ni da Rabi benci ɗaya muke, can baya. Ta miƙe, ta ƙanƙance ido, ta kasa karantawa. Anti ta zane ta, 'yan aji suka ɗauki ihun "olodo", wato daƙiƙiya. Kullum haka, har babanta ya cire ta daga makaranta, ya ce boko ba rabonta ba ne.

Jiya muka haɗu gidan suna a unguwar Mokola, tana sanye da tabarau mai kauri. Ta ce min sai bayan ta yi aure likita ya gano tun yarinta ba ta gani daga nesa.

Na ce, "Haba Rabi, me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "Wallahi Binta, na zaci kowa haka yake ganin allon, dishi-dishi. Na ɗauka kun fi ni ƙwaƙwalwa ne."

Har yau ko sunanta ba ta iya rubutawa.

Yara nawa suka sha bulala a kan abin da ba laifinsu ba? Ku wa kuka tuna a ajinku?