Bizne a Bayan Maƙabarta

A shekarar da abin ya faru, ni manomi ne a wani ƙauye da ke bayan Birnin Tsaba, cikin ƙasar Zurmi. Ina da mata da 'ya'ya huɗu da rumbuna cike da hatsi, ga kuma baki da ba ya shiru a majalisa. In aka ce ɗan damfara ya wanke wane, ni ke fara dariya, in ce ai sai wawa ake ci da zaƙin baki. To, Edita, yau ga wawan ya rubuto muku da kansa. Ba zan kama sunan kowa ba, domin wasu sun rasu, wasu kuma kunya ta ishe su.

Da rana tsaka 'yan bindiga suka shigo mana, bayan an gama kai amfanin gona gida. Ina kwance cikin kara ina kallo aka cinna wa rumbunana wuta, kuma na gane wanda ya cinna, don ɗan ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu ne, mun sha haɗuwa a kasuwa. Muka tsira da rayukanmu da kayan jikinmu, sai wani matashin kai da maiɗakina ta rungumo. Na yi mata faɗa a hanya, na ce mutane na gudun mutuwa ita tana ɗaukar kayan barci. Sai da muka isa Kaura Namoda ta nuna mini abin da ke ciki: irin geronmu ne, wanda na gada daga mahaifina, ta ɗinke shi a ciki tun lokacin da aka fara jin ƙishin-ƙishin.

A wata makarantar firamare aka sauke mu, kuma a nan wani mutum ya same mu. Jagora muke ce masa. Ba shi da wani kwarjini na jiki, siriri ne mai farar riga, amma wallahi in ya buɗe baki sai ka ji kamar kai kaɗai yake yi wa magana. Zai zauna kusa da kai a ƙasa, ya tambayi sunayen waɗanda aka kashe maka, bayan mako ya dawo ya jero su bai manta ko ɗaya ba, yana hawaye. Mu da ba wanda ya taɓa tambayarmu ko sunan ƙauyenmu! Ya ce duniya ta riga ta ƙare, birane ma saura ƙiris, amma an nuna masa wani wuri da bindiga ba za ta shiga ba. Kawuna, wanda malami ne a Kaura, ya kira ni ya ce in yi hankali da duk wanda ya ce an nuna masa abin da ba a nuna wa kowa ba. Na ce masa shi yana cikin gidansa da ƙofarsa, bai san zafin abin ba. Har yau in na tuna wannan amsa sai in ji kamar in nutse.

Muka bi shi zuwa wani kufai ta wajen Shinkafi. Ba zan manta da hanyar ba: ƙauye bayan ƙauye ba kowa, ƙofofi a buɗe, turmi a kife, ko kukan kaza babu. Duk wanda ya ratsa wannan hanya, ba sai an yi masa dogon wa'azi ba zai yarda duniya ta tashi. Da muka isa aka zagaye wurin da ƙaya, aka sa matasa gadin ƙofa, aka karɓe wayoyi da rediyo. Kuma gaskiya ba a kawo mana hari ba, sai imaninmu da shi ya ƙaru. Sannu a hankali dokoki suka fara fitowa, har aka zo kan babbar: ba shuka. Ya ce an rufe sama, ƙasa ba za ta sake tsiro ba, wanda duk ya ajiye iri yana ƙaryata alkawari ne. Kowa ya kawo nasa a zuba a tukunyar jama'a. Manoma, jikokin manoma, muka yi layi muna miƙa iri a dafa!

Maiɗakina ta ƙi. Na lallashe ta, na yi mata tsawa, har na ce zan sake ta. Ta dube ni ta ce in na ga dama in sake ta sau nawa nake so, amma ba za ta dafa abincin 'ya'yanta na baɗi ba. Abin da ya hana ni tona ta, tsoro ne: wanda aka kama da ɓoyon iri fitar da shi ake yi bayan ƙaya, shi da iyalinsa, a bar su da daji. Ga abinci ya fara ja baya, kunun safe ya koma ruwa, yara sun fara ramewa.

A cikinmu akwai wanda ya ƙona mini rumbuna. Ya ajiye bindiga ya biyo Jagora tun kafin mu zo. Jagora kan tsayar da shi gaban jama'a ya ce ku dubi kurar da na mayar tunkiya, shi kuwa kansa a ƙasa. Aikin da aka ba shi haƙar kabari, kuma aikin bai yanke masa ba, don ƙyanda da yunwa sun shiga yara. Ranar da muka kai ɗan maƙwabcina maƙabarta, bayan mutane sun juya, ya matso kusa da ni ya yi magana ƙasa-ƙasa. Ya ce ya san na gane shi, kuma ba ya neman in yafe. Ya ce zaman lafiyar da muke gani ba karama ba ce, hatsin da aka tara don cinmu ake kai wa 'yan bindigar da ya baro a daji, ranar da buhu ya ƙare kuwa mu ne a bakinsu. Sannan ya ce jigawar da ke bayan maƙabarta ƙasar gero ce, iska kuma ta fara juyawa alamar damina ta kusa, in akwai mai ko tiya ɗaya ta iri, shi kaɗai ne ake bari ya fita da kayan haƙa. Na tofar da yawu na wuce. Da na koma na ba maiɗakina labari don ta taya ni zaginsa, sai na ga ta kai ido kan matashin nan.

Bayan 'yan kwanaki na ɗaga matashin na ji shi sakayau. Kai, ranar idona ya rufe! Irin ubana a hannun wanda ya ƙona gumin ubana? Na fita da niyyar in faɗa wa Jagora komai, abin da zai faru ya faru. Hanyar gidansa ta bakin ƙofa take, sai ga mutumin nan ya zo fita da sungumi a kafaɗa, rigarsa ta ɗan kumbura ta gefe. Masu gadi, 'yan acaɓa ne daga cikin gari da ba su taɓa riƙe fartanya ba, suka tare shi suka ce ina zuwa. Ya ce bizne za shi. Nan take suka matsa, suka ce Allah ya jiƙan musulmi.

Ga wanda bai sani ba, a wajenmu bizne, ko binne a bakin wasu, shi ne sa gawa a ƙasa, shi ne kuma shukar da ake yi a busasshiyar ƙasa kafin ruwan fari ya sauka. Mutumin bai yi ƙarya ba ko ta kalma ɗaya. Kuma wa ya taɓa haƙa kabari da sungumin shuka? Ina tsaye sai dariya ta kuɓuce mini, irin wadda rabona da ita tun muna gida, har na dafa bango. A cikin dariyar nan na ji wani abu ya sake ni. Na tambayi kaina, ni da na san sungumi tun ina bin bayan mahaifina ina rufe rami da dunduniya, yaya aka yi na yarda wani ya ce mini shuka zunubi ce? Na juya gida ban ce wa kowa komai ba.

Daga nan sai zaman zullumi, don bizne caca ce: in yayyafi ya taɓa iri ya ɗauke, shi ke nan an yi asara. Allah cikin ikonsa ruwan fari ya zo da ƙarfi. Jagora ya tara mu ya ce kada mu ruɗu, wannan ruwan wankan gawar duniya ne, mutane suka yi ta kuka. Bayan kamar mako aka yi rasuwar wata tsohuwa, muka ɗauke ta zuwa maƙabarta. Ana cikin rufe ta wani ya ɗaga kai ya yi salati. Jigawar nan ta yi kore shar, gero layi-layi har inda ido ya tsaya. Ba wanda ya ba da umarni, sai ga dattawa sun shiga gona sun durƙusa suna cire ciyawa da hannu, wani yana kuka yana shafa ganyen.

Aka kira Jagora. Da farko ya ce a tuge, ba wanda ya motsa. Da ya ga haka sai ya canza murya ya ce ai wannan ita ce alamar da aka yi masa alkawari, ƙasa ta tsiro da kanta saboda haƙurinmu. Wani dattijo da ya fi kowa yi masa biyayya ya ce, cikin ladabi, Allah ya gafarta Malam, shi dai ya tsufa bai taɓa ganin karama da sawun dunduniya a kan kowane rami ba. Aka fashe da dariya, a maƙabarta fa, Allah ya yafe mana. Daga ranar zaman safiyarsa ya watse. Ba a jima ba ya sulale da masu gadinsa da ragowar buhuna, aka ce an ga sun nufi bakin iyaka.

Wahala ba ta ƙare nan ba. Mun ci tafasa da rama har muka gaji, in an ji ƙarar babura mu watse cikin daji ta inda mai haƙar kabarin ya nuna mana. Amma geron ya nuna, muka yanka, kowane gida ya samu, muka fito da 'ya'yana huɗu a raye. Yanzu muna zaune kusa da Sakajiki ina noma gonar aro, alhamdu lillahi. Na je na durƙusa gaban kawuna, na kuma ba maiɗakina haƙuri, ko da yake har gobe in mun yi saɓani sai ta tambaye ni ko in kira mata Jagora ya raba mu.

Jan hankalina ga masu karatu shi ne, wanda masifa ta taɓa shi ya fi kowa sauƙin kamu, domin yana neman mai saurarensa ko wane ne. Ku riƙa zuwa wurin 'yan gudun hijira kuna zama da su, kafin mai zaƙin baki ya riga ku. Duk kuma wanda ya raba ka da danginka, ya ce shi kaɗai ke da hanya, ya hana ka tanadin gobe, tashi ka bar wurin ko da kuka yake yi maka. Kada kuma ka yanke wa kowa hukuncin wuta, ba kai ke da ita ba.

Ranar da za mu rabu na ɗauki dami biyu na kai wa mai haƙar kabarin nan. Ya ƙi karɓa, ya ce abin da ya ƙona ya fi haka nesa ba kusa ba. Ya ce abu ɗaya yake roƙo: tun da ya ajiye bindiga yake yi wa mutane sallama, ba wanda ya taɓa amsa masa, har da ni. Sai ya gyara tsayuwa ya yi mini sallama. Na daɗe ina kallon hannun da ya cinna wutar, kafin na amsa masa, har da wa barakatuhu.